Daga Malfar Inna Zuwa Akwatin Mata Masu Dubara: Tafiya a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya ji sunan Kamarawa a rediyo cikin 'yan shekarun nan, da wuya ya ji shi tare da labari mai daɗi. Gari ne a ƙaramar hukumar Isa, can gabashin jihar Sakkwato, kuma yana cikin garuruwan da 'yan bindiga suka addaba. Masu kawo rahoto sukan faɗi yawan mutanen da aka kashe, da waɗanda aka sace, da shanun da aka kora. Akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta ba: wa ke kula da matan da aka bari? Macen da aka kashe wa miji, ta goya yaro ɗaya, ta riƙo biyu a hannu, ta kwana a ajin wata makaranta a cikin garin Isa, wa ke tambayar ta ko ta ci abinci?

Da yawa daga cikinku za su ce gwamnati, ko kuma ƙungiyoyin nan masu fararen motoci da ke zuwa daga ƙasashen waje. Wasu ma suna ganin duk wata maganar ƙungiyar mata baƙon abu ce da Turawa suka kawo mana. Tarihin ƙasar Gobir bai goyi bayan wannan magana ba. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan, mata a wannan yanki suna da shugabanninsu da hanyoyin taimakon juna. Don haka a wannan mako, ku ɗauko taswirar jihar Sakkwato ku shimfiɗa a kan tebur. Da taswira za mu yi tafiyar, domin a halin da ake ciki, wannan hanya ba wadda za a ce wa ɗalibi ya bi ba ce.

Zango na farko: Sakkwato

Daga Hubbaren Shehu za mu tashi. A nan kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, kuma a nan aka binne 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a Ɗegel a 1793, ta rasu a 1864. Kuna jin sunanta a jikin makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata, amma mene ne ainihin aikin da ta yi?

Asma'u tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, bayan da zama ya ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Ke nan ita ma ta ɗanɗani gudun hijira tana ƙarama, ta ga yunwa, ta ga mata sun zama zawarawa a dare ɗaya. Ta tashi a gidan da ake karantar da mata kamar yadda ake karantar da maza. Mahaifinta, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sakkwato, kuma ɗan'uwanta Muhammadu Bello shi ne Sarkin Musulmi.

Mace mai irin wannan matsayi tana iya zamanta a cikin gida ta karantar da 'ya'yan manya, babu mai ganin laifinta. Sai dai Asma'u ta lura da wani abu. Yaƙe-yaƙen jihadi sun tara mata masu yawa a ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato. Wasu zawarawa ne, wasu marayu, wasu kuma an kamo su ne a fagen yaƙi daga Gobir da wasu ƙasashe. Yawancinsu ba su jin Larabci ko Fillanci, Hausa kawai suke ji, kuma ba su da halin barin gidajensu su zo birni neman karatu. Idan ɗaliba ba za ta iya zuwa makaranta ba, ashe sai makaranta ta je wurinta. Yadda aka yi hakan, za mu gani a zango na gaba.

Zango na biyu: Wurno

Idan aka fita Sakkwato aka nufi arewa maso gabas, aka wuce Acida, sai a iso mararrabar Wurno. Gari ne a kan tudu, yana kallon fadamar Gulbin Rima inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Muhammadu Bello ne ya gina shi a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, a nan ya rasu a 1837, kabarinsa yana nan. Asma'u ta yi zama tsakanin Sakkwato da Wurno, kuma a wannan zamani ne, cikin shekarun 1830, ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. A kowane ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji. Kalmar ta fatake ce, jaji shi ne mai jan ayari. Ita ce za ta tattara matan ƙauyensu ta jagorance su zuwa wurin Asma'u. Ba kowace mace ke tafiya ba. 'Yan mata ƙanana da ba su kai aure ba, da tsofaffin da suka daina haihuwa, su ne 'yan ayari. Matan aure masu raino suna gida, karatun zai iske su idan ayari ya dawo. Da wannan dabara, babu magidancin da zai ce an fitar masa da mata, kuma babu macen da aka bari a baya.

Littafin karatun su ne waƙoƙin da Asma'u ta tsara. Waƙa tana da sauƙin haddacewa, ana iya rera ta ana kaɗi, ana daka, ana tafiya rafi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai masu koyar da tsarki da salla, akwai masu ba da tarihin Annabi (SAW), akwai kuma Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta lissafa mata salihai na tarihin Musulunci don ɗalibanta su san cewa suna da magabata.

Aikin bai tsaya ga karatu ba, kuma nan ne ya yi kama da abin da yau muke kira ƙungiyar jin ƙai. Matan ƙauye sukan zo da sadaka gwargwadon hali: hatsi, zuma, man shanu, zare, ƙyalle. Asma'u takan rarraba wa mabuƙata. Idan jaji ta koma gida, ita ce mai duba marar lafiya, mai sasanta mata idan sun saɓa, mai koya wa amarya abin da ya wajaba a kanta, mai yi wa mace wanka idan ta rasu. Da Asma'u ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, bayanta wasu matan gidan suka karɓa. Jean Boyd, wata Baturiya 'yar Ingila da ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato, ta iske jajoji suna wannan aiki a ƙarni na 20, ta rubuta tarihin Asma'u a 1989. A yau har a Amurka akwai Musulmi mata da suka kafa da'irar karatu da sunan 'Yan Taru.

Ku riƙe abu ɗaya kafin mu bar Wurno. Alamar jaji ita ce malfa, irin babbar hular nan ta saƙa, wadda Asma'u ke naɗa wa jan rawani ta ɗora wa wadda aka zaɓa. Me ya kai mace ga malfa da rawani, kayan maza? Amsar tana gaba.

Zango na uku: Sabon Birni da kufan Alƙalawa

Daga Wurno hanya ta bi gefen Rima zuwa Goronyo, inda babbar madatsar ruwan da aka kammala a 1984 take. Daga nan sai Sabon Birni. Nan ne za ku fara ganin dattawa masu zanen Gobirci a fuska, tsage da ya tashi daga gefen baki ya bazu zuwa kunne. Idan akwai Bayarabe a cikin mota, ku shirya jin barkwanci, domin Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne.

Ba da nisa da garin ba kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir a zamanin Bawa Jan Gwarzo. A 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Yunfa. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun ci gaba da gwagwarmaya har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836. Bayansa ne suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajen 1860 kuma wani ɗan sarki mai suna Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗo Najeriya. Gida ɗaya ne aka tsaga biyu.

A fadar Gobir akwai wata babbar sarauta ta mace, ita ce Inna. Daga gidan sarauta ake zaɓo ta, galibi 'yar'uwar sarki. Tana da fadarta da fadawanta, tana hawan doki, tana da rabonta na haraji. Al'amuran mata a hannunta suke. Macen da ta ga an zalunce ta tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, kuma mai ƙofar mace ce irinta wadda sarki ke jin maganarta. A Maraɗi, mai irin wannan matsayi ana kiran ta Iya. Har yau sarautar Inna tana nan a Tsibiri.

Inna ita ce kuma shugabar 'yan bori, kuma wannan ne abin da malaman jihadi suka yaƙa. Asma'u ta yi rubutu tana jan kunnen mata su bar bori, ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka ta hanyar Alƙur'ani da addu'a. Amma ta fahimci dalilin da ya sa mata ke tururuwa wurin Inna. A can suke samun mai saurarensu, da magani idan ciwo ya zo, da 'yan'uwa mata da za su zauna tare. Idan aka rushe wannan ba a ba su madadinsa ba, an bar su a fili. Malfa da rawani suna cikin kayan sarautar Inna, kowace Bagobira ta san su. Da Asma'u ta ɗora malfa a kan jaji, matan ƙauye ba su buƙaci dogon bayani ba. Sun gane cewa ga uwa, ga wadda za a kai wa kuka, sai dai wannan da karatu ta zo.

Darasin da ke nan babba ne ga duk mai son ya taimaki jama'a. Asma'u ba ta raina abin da ta tarar ba. Ta duba buƙatar da ke ƙarƙashinsa, ta riƙe abin da ke da amfani, ta canza abin da ta ga ya saɓa wa addini.

Zango na huɗu: Isa da Kamarawa

Daga Sabon Birni a gangara kudu sai Isa, a bakin Gulbin Bunsuru, maƙwabciyar Shinkafi ta jihar Zamfara. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake, da fadamu masu albarka. A garuruwa irin Kamarawa, kamar sauran karkarar Hausa, mace tana da tattalin arzikinta ko da ba ta fita kasuwa. Tana kiwon awaki da kaji, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, tana dama fura, yara su kai talla. Akuyar mace ita ce bankinta. Da ita take sayen magani, da ita take haɗa kayan ɗakin 'yarta, da ita take biyan bikin ƙawarta. Ga kuma adashi, inda mata ke zuba kuɗi duk mako, ɗaya ta kwashe, a zagaya har kowa ta samu.

Wannan tsari ne rashin tsaro ya fi ragargazawa. A watan Satumba na 2021, gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Isa da Sabon Birni, aka kuma taƙaita harkar kasuwannin mako domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. A watan Disamba na shekarar, an tare wata motar fasinja a yankin Sabon Birni aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka rasu, cikinsu har da mata da yara. A watan Agusta na 2024, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Ƙauyuka da dama an ɗora musu harajin dole kafin a bar su su yi noma.

Ku duba yadda wannan ke faɗa wa mace. Idan aka kore dabbobi, an kwashe bankinta. Idan kasuwa ba ta ci, ƙuli-ƙulinta ya kwana. Idan 'yan adashi suka watse, wannan ta yi Isa, waccan ta yi Sakkwato, wata ta tsallaka Nijar, zubi ya mutu. Idan aka rufe makaranta, yarinyar da ke aji biyu na sakandare ita ce farkon wadda za a ce a aurar, don a rage baki a gida. Idan naƙuda ta zo da dare, babu direban da zai yarda ya hau hanya. Doguwar naƙuda ba tare da taimakon asibiti ba kuwa ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje. Ciwo ne da ake warkewa ta hanyar tiyata. Ana yin aikin a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha da ke Sakkwato, da kuma cibiyar Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya yi shekaru yana yi wa dubban mata aiki. Sai dai kafin mace ta isa can, sai an sami wadda ta san da wurin, ta gaya mata, ta raka ta. Aikin jaji ke nan, ko da sunan ya canza.

Zango na biyar: Tsallaken iyaka

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya ratsa ta Maraɗi da Tsibiri, sannan ya sake dawowa Najeriya ya haɗu da Rima a yankin Sabon Birni. Mutanen yankin ma haka suke, aure da kasuwa da zumunci ba su san iyaka ba. Shi ya sa da wuta ta yi zafi, can aka nufa. A watan Satumba na 2019, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da 40,000 sun tsallaka daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, mafi yawansu mata da yara. Ƙauyukan yankin Gidan Rumji ne suka fara karɓar su a cikin gidajensu, kafin daga baya a tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka.

A wannan jiha ta Maraɗi aka haifi wani tsari da ya zagaya duniya da sunan Hausa. A 1991, ƙungiyar CARE, ta hannun wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes, ta zauna da matan karkara suka duba adashin da suka saba, suka yi masa gyara. Aka sa wa sabon tsarin suna Mata Masu Dubara.

Bambancinsa da adashi shi ne, kuɗin ba ya tafiya hannun mutum ɗaya. Mata kamar ashirin zuwa talatin sukan haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka amince a cikin akwatin ƙarfe. Yadda aka fi yi a yanzu, akwatin yana da kwado uku, makullan suna hannun mata uku daban, ita kuma mai ajiyar akwatin ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai buƙatar jari za ta karɓi rance ta sayi gyaɗa ko ɗan akuya, ta biya a wa'adin da aka sa. Akwai kuma ɗan asusu na gefe domin rashin lafiya ko gobara ko rasuwa. Idan shekara ta zagayo, a fasa akwati a raba. Ba a buƙatar banki, ba a buƙatar kuɗin wani daga waje, ko wadda ba ta iya rubutu ba tana iya bin lissafin domin a bainar jama'a ake ƙirga shi.

Daga kuɗi, abin ya wuce zuwa wasu fannoni. Ƙungiyoyin suka riƙa kafa rumbun tsimi, su sayi gero da kaka su ajiye har lokacin bazara da damina da hatsi ke tsada. Matan da suka saba magana a gaban 'yan'uwansu suka fara tsayawa zaɓe, da yawa sun zama kansiloli a ƙananan hukumomin Nijar. A yau miliyoyin mutane a ƙasashen Afirka da Asiya suna amfani da wannan tsari. Asalinsa kuwa tabarmar matan Hausa ce, a ƙasar da ke maƙwabtaka da Sabon Birni.

Komowa gida: masu malfar yau

Idan muka juyo Sakkwato, za mu iske masu wannan aiki a yau da sunaye na zamani. Akwai FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko. Tana da rassa a jihohin ƙasar nan, tana gudanar da makarantu da asibitoci da azuzuwan yaƙi da jahilci na matan aure. Akwai WRAPA, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta assasa a 1999, mai taimaka wa mata da lauyoyi a kan gado da saki da riƙon 'ya'ya. Akwai BAOBAB, wadda Ayesha Imam ke cikin waɗanda suka kafa ta a 1996.

An ga amfanin irin waɗannan ƙungiyoyi a shari'ar Safiya Hussaini, 'yar ƙauyen Tungar Tudu, wadda wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jefewa a 2001. Ba ta da kuɗi, ba ta yi boko ba, ba ta san ana ɗaukaka ƙara ba. Ƙungiyoyin mata suka tsaya mata, lauyoyi suka kafa hujja daga cikin fiƙihu da ƙa'idojin shari'ar kanta. A watan Maris na 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Sakkwato ta soke hukuncin ta sallame ta. Haƙƙin yana nan a cikin shari'a tun farko, abin da Safiya ta rasa shi ne wanda zai nuna mata shi.

A 2020 an buɗe Cibiyar Nana Khadija a harabar Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe ko cin zarafi kyauta, a ba su magani da shawara cikin sirri. A 2021 jihar ta sa hannu a kan dokar kare yara da dokar hana cin zarafin jama'a. A ƙauyuka kuma, shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar tare da gwamnatocin wasu jihohin Arewa daga 2012 zuwa 2022 ya ƙarfafa ƙungiyoyin iyaye mata, waɗanda ke bi gida-gida suna tambayar dalilin da ya sa wance ba ta zo makaranta ba. Sai dai mafi yawan ofisoshi da cibiyoyin nan a birni suke, kuma tsakanin birnin Sakkwato da Kamarawa akwai tafiya mai nisa a kan hanya mai haɗari. Wannan giɓi shi ne babban aikin da ya rage.

Ba mu kaɗai ne ke waiwayar magabata mata don mu sami ƙarfin gwiwa ba. A ƙasar Filifin, can gabashin Asiya, babbar gamayyar ƙungiyoyin mata sunanta GABRIELA. An kafa ta a 1984, aka sa mata sunan Gabriela Silang, macen da ta ja ragamar tawaye ga mulkin mallakar Sifaniya a 1763 bayan an kashe mijinta. Gamayyar tana kare matan karkara da ma'aikatan masana'antu da ɗimbin 'yan ƙasar da ke aikatau a gidajen Saudiyya da Kuwait da Hon Kon. Ta kai ga samun kujera a majalisar dokokin ƙasar, kuma a 2009 Filifin ta kafa babbar dokar kare haƙƙin mata. Su sun ɗauko sunan jarumarsu sun ɗora wa aiki mai rai. Mu ma muna da Asma'u, kuma ta bar mana har da tsarin yadda ake aikin.

Aikin gida

Ɗalibai, wannan tafiya ba ta ƙare a kan takarda ba. Wanda ke da kaka ko gwaggo daga ƙasar Sakkwato ko Gobir, ya zauna da ita a hutun nan ya tambaye ta ko ta san wata jaji, ko ta taɓa ganin Inna, ko akwai waƙar karatu da ta koya daga bakin tsofaffi. Ku rubuta abin da ta faɗa da sunan garin, ku kai wa malamin tarihi ko na Hausa. Irin wannan sani yana tafiya ne tare da masu shi.

Sannan ku duba unguwarku. A Sakkwato da Gusau da Katsina da Maraɗi, da wuya a rasa gidan da ya sauki baƙin da suka gudo daga ƙauye. A cikinsu akwai yarinya sa'arku da ta bar aji ba da son ranta ba. Littafin lissafin da kuka gama da shi bara yana da amfani a wurinta. Awa ɗaya bayan la'asar, sau biyu a mako, za ta taimaka wajen koya wa mutum karatu da rubutu. Idan kun ji an cuci wata, kada ku yaɗa labarin, ku gaya wa malama ko wata babbar da kuka amince da ita, ku kuma tuna mata cewa akwai wuraren da ake kai irin wannan kuka. Wannan ya shafi samari kamar yadda ya shafi 'yan mata, domin Asma'u ma ta sami goyon bayan mahaifi da miji da ɗan'uwa.

Jajojin Wurno ba su da mota, ba su da waya, ba su da albashi. Da ƙafa suke ratsa daji, su haddace darasi, su koma su koyar da maƙwabta. Ku da kuke da allo da littafi da malamai, ku fara da mutum ɗaya a layinku.